Ƙafa Dubu Tsakanin Baki da Kunne

Sau huɗu aka mayar mini da faifan, kuma duk sau huɗun abu guda na ji. Muryar matuƙin jirgin ta fito tar, babu ƙara babu shaƙewa. Ya maimaita umarnin gangarowa, ya rufe da lambar jirginsa, 421. Aka yi ɗan shiru wanda bai fi ƙiftawar ido ba, sannan wata murya ta amsa masa da natsuwa irin ta wanda ya san aikinsa, ta ce masa da Ingilishi, "Daidai." Muryar nan tawa ce. Da an miƙo mini Alƙur'ani kafin a kunna faifan, da na dafa na rantse da zuciya ɗaya cewa 412 na ji a wancan dare.

Aikina shi ne kula da zirga-zirgar jiragen sama. Har gobe akwai dattawa a unguwarmu da suke ɗauka ni ne mutumin nan mai riga mai ƙyalli da ke ɗaga wa jirgi sanduna biyu in ya zo tsayawa. Na daina gyara musu, domin aikin da suke zato ya fi nawa sauƙin bayani: shi ana ganin hannunsa. Mu abin da muke gadi iska ce kawai, fankon da dole ya kasance tsakanin kowane jirgi da ɗan'uwansa. Ƙa'ida ta ce a bar ƙafa 1,000 tsakanin na sama da na ƙasa, wato mita 300 da ɗan ɗoriya. In a mataki ɗaya suke, kuma akwai rada, na'urar da ke nuna jirage a allo, ana barin mil 5 irin na teku, a kusa da manyan filaye a kan rage zuwa 3. In babu rada, da agogo ake awo, sau da yawa minti 10 tsakanin na gaba da na baya. An kuma raba sararin kamar yadda ake raba titi hannu biyu, da lissafin cika da mara: mai nufar gabas ya hau ƙafa 11,000 ko 13,000, mai nufar yamma ya hau 12,000 ko 14,000. Ƙafa dubu tana da yawa a bakin mai ginin bene. Ga jirgin da ke gangarowa da ƙafa 2,000 a minti, rabin minti ce.

A filin da nake aiki a wancan lokaci, wani fili a Arewa, babu rada. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, to mu a wajenmu ji ne ya kori gani. Kowane jirgi yana da 'yar siririyar takarda a gabana, a kai an rubuta lambarsa da matakinsa da lokacin da ake sa ran zai kai wuri kaza. Daga waɗannan takardu da abin da matuƙa suke faɗa mini nake gina hoton sararin a cikin kaina, in riƙa motsa jirage a ciki kamar mai buga dara a duhu. Hoton nan gaskiyarsa daidai take da gaskiyar maganar da aka gina shi da ita. In magana ta karkace, hoton yana nan ɗas a kaina, kyakkyawa, sai dai ba shi ne abin da ke sama ba.

Rediyon da muke magana da shi kuwa ba kamar wayar tarho ba ne. Dukkan jiragen da ke hannuna suna zango ɗaya, kowa na jin kowa, amma mutum ɗaya ne zai yi magana a lokaci guda. In biyu suka danna maɓalli tare, sai muryoyin su haɗe su zama wani ƙugi mai tsinka kunne, kuma masu maganar su biyun ba su san an yi ba, kowa na ganin saƙonsa ya isa. Saboda haka aka kafa doka: duk umarnin da ya shafi mataki, ko alkibla, ko shiga titin jirgi, ko tashi, ko sauka, sai matuƙi ya maimaita shi, ya haɗa da lambar jirginsa. Ni kuma in saurari maimaicin, in gyara in da kuskure. Wannan sauraro na ƙarshe shi ne ƙofar da aka sa ni gadi, kuma ita na bari a buɗe.

Shekarar, aikin Hajji ya faɗo cikin hunturu. Jigilar maniyyata ta kankama, filin da a sauran ranaku yake yini da jirage ƙalilan ya koma kamar tashar mota ranar jajibere. Hazo ya lulluɓe gari, ko fitilun ƙarshen titin jirgi da ƙyar ake hangowa daga hasumiya. Wajen ƙarfe goma na dare ina da jirage uku a kunnena. Wani babban jirgi ya tashi maƙil da maniyyata ya nufi gabas, na ba shi izinin hawa zuwa ƙafa 11,000 ya tsaya nan. Dalilin tsayar da shi shi ne 421, wanda ke tafe daga gabas a kan hanya guda, a ƙafa 12,000. Sai sun gifta juna sannan in ɗaga wannan in sauke wancan. Na uku shi ne 412, yana tahowa daga kudu a ƙafa 7,000, ya fi kusa da fili, kuma babu kowa a gabansa. Shi da 421 jiragen kamfani ɗaya ne, sunan da ake kiransu da shi ɗaya, lambobi biyun ƙarshe ne kawai suka yi musayar wuri.

Na danna maɓalli na ce wa 412 ya gangaro zuwa ƙafa 5,000. Faifan ya shaide ni, na faɗi lambar daidai. Amma matuƙin 421 ya daɗe yana jiran a ce masa gangaro, ga gari ya matso, ga dare ya yi, sai kunnensa ya ba shi abin da ransa ke so. Ya riga ɗan'uwansa danna maɓalli, ya maimaita umarnin, ya faɗi tasa lambar ba tare da ɓoye komai ba. Ni kuwa a daidai lokacin hannuna na rubuta 5,000 a takardar 412, kan tarho na maƙale a kafaɗata ina jiran cibiyar da za ta karɓi jirgin maniyyata daga hannuna. Na ji murya, na ji "dubu biyar", na ji huɗu a farkon lamba, zuciyata ta cike sauran. Na ce daidai.

Sakan 26 faifan ya ƙirga daga wannan kalma zuwa magana ta gaba. A cikin waɗannan sakan ina zaune lafiya lau, har na kai hannu ga kofin shayina. A sama kuwa jirage biyu suna tunkarar juna cikin hazo, suna cinye kusan kilomita guda a kowane sakan huɗu, na saman ya sunkuyar da kai yana cin ƙafa dubun da ke tsakaninsu.

Sai wata murya ta shigo, muryar matashi, da alama mataimakin matuƙi ne a 412. Babu gaggawa a cikinta, har da ɗan nauyin baki irin na wanda ke tsoron kada a ce ya cika shisshigi. Ya ce, "Hasumiya, a tabbatar mana, umarnin gangarowar nan namu ne ko na 421?"

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Na kira 421 na ce ya tsayar da gangarowa nan take, ya koma 12,000, akwai jirgi a gabansa a 11,000. Ya amsa da muryar da ta riga ta canja, ya ce yana 11,400, yana hawa, kuma na'urarsa ta gargaɗin karo ta nuna masa jirgin. Bayan ɗan lokaci matuƙin jirgin maniyyata ya ce ya ga fitilu sun wuce ta samansa. Iyakar abin da ya ce ke nan. Maniyyatan da ke bayansa, waɗanda da yawansu wannan ne hawansu jirgi na farko, ina jin wasu na jan carbi, wasu barci ya ɗauke su, babu wanda ya san komai.

Shugaban aikinmu na daren, dattijon da dukkanmu muke kira Baba, ya taso daga teburinsa ya dafa kafaɗata. "Tashi, ɗana, ba ni kujerar," ya ce. Ya sa abin sauraro a kunne, ya sauke jiragen biyu ɗaya bayan ɗaya kamar babu abin da ya faru. Ni kuwa na fita baranda na tsaya cikin sanyi, gwiwoyina suna rawa, ina ta maimaita wa kaina cewa ai 412 ne ya amsa, dole dai matuƙin ne ya faɗi lambar da ba tasa ba. Da wannan yaƙini na kwana, da shi na shiga ɗakin sauraron faifai washegari.

Abin takaicin shi ne an koya mini wannan duka. A Kwalejin Koyon Aikin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, babu ɗalibin hasumiya da zai fita bai san labarin Tenarif ba. Tsibiri ne na ƙasar Sifen a tekun Atilantika, daura da gaɓar arewa maso yammacin Afirka. Ranar Lahadi, 27 ga Maris, 1977, bam ya tashi a filin jirgin tsibirin da ke maƙwabtaka, Giran Kanariya, aka karkatar da jirage zuwa ƙaramin filin Los Rodeyos. Filin ya cika har aka rasa hanyar gefe, sai da jirage suka riƙa bin titin tashi kansa don su kai inda za su juya. Cikinsu akwai manya biyu ƙirar Boeing 747, ɗaya na kamfanin KLM na Holan, ɗaya na Pan Am na Amurka. Filin a kan tudu yake, gajimare ya sauko ya kwanta a kansa, jami'in hasumiya ba ya ganin jiragen, su ma ba sa ganin juna, kuma babu radar ƙasa. Kunne kaɗai ya rage musu, kamar ni.

Jirgin KLM ya kai ƙarshen titi ya juyo, na Pan Am yana bayansa can a kan titin, yana laluben hanyar fita. Hasumiya ta ba KLM bayanin hanyar da zai bi bayan ya tashi, wanda ba izinin tashi ba ne, amma kalmar "tashi" ta fito a cikinsa. Kyaftin ɗin, Yakob fan Zanten, yana cikin matsin lokaci, domin dokar ƙasarsu ta iyakance awoyin aiki, in suka ƙara jinkiri za su kwana a tsibirin da fasinjojinsu. Ya saki birki. Mataimakinsa ya maimaita bayanin hanya, ya rufe da wata jimla mai harshen damo wadda za a iya fassara ta da "muna wurin tashi" ko "muna tashi". Jami'in hasumiya ya ɗauki ma'anar farko, ya ce "oke", ya ɗan tsaya, sannan ya ƙara da cewa su dakata, zai kira su. A daidai wannan tsayawa matuƙan Pan Am, da hankalinsu ya tashi, suka danna maɓalli suna cewa har yanzu suna kan titi. Saƙonni biyu, kowanne shi kaɗai ya isa ya tsayar da jirgin, suka haɗe suka zama ƙugi. Abin da ya shiga kunnen matuƙan KLM sarai shi ne "oke". Mutum 583 suka rasu, kuma har yau ba a yi haɗarin jirgin sama da ya kai shi asarar rayuka ba.

Malaminmu na Zariya, wanda ya tsufa a hasumiya kafin ya koma aji, in ya kawo nan sai ya ajiye alli ya juya harshe zuwa Hausa, ko da yake rabin ajin ba sa ji. Ya ce "oke" ɗin nan shi ne "to" ɗinmu. Na daɗe ina juya maganarsa. Akwai "to" na amincewa. Akwai "to" na "na ji, ci gaba". Akwai na uban da ya gaji da gardamar ɗansa, wanda ma'anarsa je ka ka gani, akwai na mai ciniki da ke shirin juya baya, akwai na matar da aka gaya wa za a yi mata kishiya. Harafi biyu ne, amma ba mu taɓa rikicewa, saboda muna kallon fuska, muna jin yadda aka ja muryar, mun kuma san wanda ke magana da abin da ya gabata tsakaninmu. Rediyo ba shi da fuska. Mutumin Sifen ne ke magana da mutumin Holan cikin harshen da ba na ɗayansu ba, ba su taɓa haɗuwa ba, ga hazo. Bayan Tenarif aka tsananta amfani da tsayayyun kalmomi, aka keɓe kalmar "tashi" ta Ingilishi, ba a furta ta sai lokacin ba da izinin tashi ko soke shi, a sauran wurare wata kalma dabam ake amfani da ita. Hatta lambobi suna da nasu lafazi: uku "tiri", biyar "faif", tara "naina", don kada biyar da tara su yi kama a cikin ƙara.

Amma akwai wani ɓangare na labarin Tenarif da ya fi tsaya mini bayan abin da ya same ni. A ɗakin tuƙin KLM akwai mutum na uku, injiniyan jirgi. Jirgin na gudu a kan titi, ya ji hasumiya na ce wa Pan Am su sanar in sun fita, ya ji sun amsa. Ya gane. Ya tambayi kyaftin ko jirgin Pan Am bai fita ba tukuna. Kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa ya fita. Injiniyan bai sake magana ba. Fan Zanten ba ƙaramin mutum ba ne, shi ne shugaban masu horar da matuƙan 747 a kamfanin, hotonsa ne a tallan kamfanin. Wa zai ce masa ya taka birki?

Wannan shirun na san shi tun kafin in san jirgi. Mun tashi a gidajen da yaro ba ya ce wa babba "me ka ce?" Iyakarsa "na'am?" sau ɗaya, in bai ji ba karo na biyu sai ya ce "to" ya fita da rabin saƙo, ya gwammace ya sha duka a kan kuskuren aike da ya sa mahaifinsa maimaita magana sau uku. Tarbiyya ce, kuma ba na cikin masu raina ta, domin ita ce ta sa gidajenmu suke da tsari. Sai dai kakata, Allah ya jiƙanta, ba ta yarda da ita ba in aike ne. In ta ce a sayo daddawa ta sule da kuka ta sisi, sai ta riƙe hannun rigata ta ce, "Faɗa mini abin da na ce." Kuma tana saurare da gaske, tana lanƙwasa yatsu. Ran da na juya, na ce kuka ta sule, kafin in rufe baki ta kama ni. Tsohuwar da ba ta taɓa ganin cikin jirgi ba ta riƙe ƙa'idar da ni mai takardar shaida na saki, domin ita in ta sa a maimaita, ba ta haɗa sauraron da wani aiki.

Yaron da ke 412 kuwa, shi ya yi abin da injiniyan KLM ya fara bai ƙarasa ba. A duba matsayinsa. Ya ji umarni da lambarsu, ya ji wani ya amsa, ya ji hasumiya ta ce daidai. Manya biyu sun yi ittifaƙi, kyaftin ɗin wani jirgi da jami'in hasumiya. Abu mafi sauƙi shi ne ya ce kunnensa ne, ya yi shiru. Ina zaton sakan 26 ɗin nan a wannan ya ƙare, yana tambayar kansa, ko yana tambayar kyaftinsa, ko ya dace a tanka. Da ya ƙara sakan goma yana jin nauyi, da wani ne ke rubuta wannan labari, kuma da sunana a ciki.

Ba sai mun je tsibirin Sifen ba kafin mu san abin da ke bayan irin wannan. Ranar 7 ga Nuwamba, 1996, jirgin ADC ƙirar Boeing 727 ya taso daga Fatakwal zuwa Legas. Yana gangarowa sai ya sami kansa yana fuskantar wani jirgi da ya taso daga Legas zuwa Inugu. Na'urar gargaɗi ta yi ƙara, matuƙin ya karkata da ƙarfi don ya kauce, jirgin ya ƙwace masa, ya faɗa ruwa kusa da Ejirin. Jiragen biyu ko gogar juna ba su yi ba, amma mutum 144 suka tafi, cikinsu har da masanin kimiyyar siyasa Farfesa Claude Ake. Masu bincike sun ɗora dalili na kusa a kan yadda aka raba jiragen daga ƙasa. Kwana biyar bayan nan, kusa da Delhi a Indiya, wani jirgin Kazakistan da aka ce ya tsaya a ƙafa 15,000 ya gangaro zuwa matakin jirgin Saudiyya da ke 14,000, suka yi karo, mutum 349 suka rasu, kuma raunin Ingilishin matuƙan yana cikin abubuwan da aka ambata. Irin waɗannan ne suka sa Hukumar Jiragen Sama ta Duniya ta wajabta wa matuƙa da jami'an hasumiya jarrabawar Ingilishi daga 2008. Abu ne mai kyau, ban musa ba. Jirgin da ya bar sararin Nijeriya ya nufi Nijar ko Cadi zai iya jin ana Faransanci da wasu jirage a zangon da yake, wanda bai iya ba kuwa rabin hoton ya ɓace masa. Amma kada a ɗauka jarrabawa ta gama magana. Ingilishina lafiya lau yake a daren nan, na matuƙin 421 ma haka. Babu kalmar da ɗayanmu bai sani ba.

Saura maganar rahoto. Tun a daren wani abokin aikina ya same ni a baranda ya ce, cikin ƙauna, "Malam, tunda Allah ya tsare, ka rufa wa kanka asiri. Kana da iyali." Ba mugun mutum ba ne, kuma maganarsa ta shige ni. Rufin asiri shi ne abin da muke roƙo a kowace addu'a. Kuma na san abin da duniya ke yi wa jami'in hasumiya in abu ya ɓaci. A daren 1 ga Yuli, 2002, jirgin fasinja na Rasha da jirgin kaya na DHL suka yi karo a sararin Jamus kusa da iyakar Suwizalan, mutum 71 suka rasu, mafi yawansu yara. Jami'in da ke kula da su, Peter Nielsen, shi kaɗai ne a bakin aiki yana riƙe da tebur biyu, ana gyaran na'urori, wayar tarho ba ta tafiya. Ya ce wa jirgin Rasha ya gangaro, na'urar gargaɗin jirgin ta ce ya hau, matuƙan suka bi maganar mutum, alhali ɗaya jirgin na bin na'urarsa yana gangarowa. Tun daga nan aka fayyace doka cewa in na'urar ta ba da umarni, ita za a bi. Amma a Fabrairun 2004 wani mutum da ya rasa matarsa da 'ya'yansa biyu a haɗarin ya je har ƙofar gidan Nielsen ya daɓa masa wuƙa ya kashe shi. Wannan labari yana kaina a barandar nan.

Baba bai ce in rubuta ba, bai ce kada in rubuta ba. Da ya gama sauke jiragen ya ɗauko littafin rahoto ya buɗe ya ajiye a teburi, ya ɗora biro a kai, ya tafi alwala. Na zauna na rubuta. Gaskiya ita ce a daren na rubuta ne da tunanin faifai zai wanke ni, jarumtata ba ta kai yadda zan so in ba da labari ba. Da faifan ya ƙi wanke ni, na nemi kama wasu igiyoyi. Ai matuƙin 421 ne ya ɗauki umarnin da ba nasa ba. Ai kamfanin ne ya jera jirage biyu masu lamba kusan ɗaya a sa'a guda. Ai na yi kwanaki ina aikin dare. Duk gaskiya ne, kuma masu bincike sun rubuta su duka. Baba ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Tun da ka ga lambobin nan biyu a gabanka, ka gaya musu akwai mai kama da su a zango?" Na ce a'a, ranka ya daɗe. Ya ce, "To." Wannan karon ban yi shakkar wane "to" ne ba.

An ɗauke ni daga kujera na ɗan lokaci, na koma horo a ƙarƙashin wani, aka rubuta wa kamfanin, daga baya na lura lambobin sun canja. Na nemi sanin sunan matashin nan ban dace ba. Ma'aikatan jirgi suna juyawa, kuma ba al'ada ba ce jami'in hasumiya ya bi matuƙi da godiya. Wataƙila yanzu kyaftin ne, da furfura a gemu, wani yaro na zaune a damansa yana auna ko ya dace ya tanka masa.

Ranar da na koma kujera da safe ne, hazo ya ɗan yi sauƙi. Jirgin farko da ya kira ni na saba da muryar kyaftinsa, tsohon hannu ne mai maganar ƙasaita, irin waɗanda ke haɗiye rabin kalma don a san sun daɗe a sama. Na ba shi mataki. Na ajiye biro, na ɗora tafin hannuna a kan takardarsa, na rufe ido. Ya maimaita matakin daidai, amma ya cinye lambar jirginsa, ƙarshenta kawai na ji. Jirgi ɗaya ne tak a hannuna, babu wanda zai iya amsawa sai shi, kuma ni da shi duk mun san haka. Na danna maɓalli na ce ya sake faɗin lambarsa. Ya ja numfashi har sai da na ji a rediyo, sannan ya faɗe ta ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai karanta wa ɗan aji ɗaya. Na duba takardar, na ce daidai, na ɗauki biro.